Na tuna takalminsa, na manta fuskarsa

Maman Ikilima:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a mayar da ita siyasa, ba don haka na kawo ta ba.

Shekara biyar ke nan da ɓarayin daji suka shiga ƙauyenmu a yankin Maru, tun daga nan muke zaune a Gusau. Jiya da dare muka yi sa-in-sa da yayana a kan daren nan, har sai da Inna ta tsawatar mana. Shi ya ce bayan isha'i suka shigo, ni na ce gab da asuba. Shi ya ce mutum uku suka faɗo gidanmu, ni ɗaya na gani. Daga ƙarshe ya ce wai ni ban ga komai ba, labarin mutane nake harhaɗawa. Wallahi maganar ta yi min ciwo, ban runtsa ba.

Ga abin da na riƙe. Mutumin da ya tsaya a kaina yana sanye da takalmin roba shuɗi, maɗaurin ƙafa ɗaya ya tsinke an ɗaure shi da waya. Ko yanzu aka ba ni takarda zan zana wayar nan da yadda aka murɗa ta. Sai warin gero yana ƙonewa a rumbu, sai akuyar maƙwabta da ta ƙi yin shiru. Amma fuskarsa? Bai rufe ta ba, ga wuta tana ci ta haske ko'ina, na kuma san na kalle shi. Babu ita a kaina ko kaɗan. Yadda muka fita daga gari ma ban sani ba, daga tsakar gida sai gani na a tasha wata mata tana ba ni ruwa. Ita kuwa Inna kwana uku cur suka ɓace mata.

Me ya sa kai zai riƙe waya ya saki fuska? Ko dai gaskiyar Yaya ne, ni ce na ruɗe?

Ummu Sudais:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar muku da alheri. Ni ma mota ta taɓa kifewa da mu tsakanin Tsafe da Funtuwa, abin da na fi tunawa shi ne wata kwalbar manja da ta fashe tana bin kujera. Ko launin motar ban sani ba.

Baban Walid:
Allah Ya kyauta. Amma 'yar'uwa, shawarata ku bar tone-tonen nan. Abin da ya wuce ya wuce. Kakanninmu sun ga yaƙi, sun ga yunwa, sun binne 'ya'ya, ba mu taɓa jin suna zaman ƙididdige wa ya tuna me ba. Tawakkali suka yi suka ci gaba. Yanzu kowa ya buɗe waya sai ya kwaso wata cuta ta Turawa ya yafa wa kansa.

Anti Nas:
Maman Ikilima, ba ki ruɗe ba, kuma ba ƙarya kike yi ba. Na yi shekaru ina aiki da masu irin wannan larura, labarinki kuwa kusan kullum sai na ji irinsa, sai dai takalmin ya canza. Wani agogo ya riƙe, wata zoben hannu, wani bakin bindiga kawai.

Bari in faɗe shi yadda muke faɗa wa majinyata. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙaramin sashe, girmansa bai wuce ƙwarar gyaɗa babba ba, ana ce masa amigdala. Shi ne mai gadi. Da ya hango haɗari sai ya buga ƙararrawa, jiki ya saki sinadaran tashin hankali, adirenalin da kotizol, zuciya ta hau bugu, baki ya bushe. Kusa da shi akwai wani sashen, hipokamfus, shi kuma kamar magatakarda ne: shi ke jera abu, wannan ya faru kafin wancan, a wuri kaza, da ƙarfe kaza. In tashin hankalin madaidaici ne, ƙararrawar tana taimakon magatakarda, abu ya zauna daram. Shi ya sa mutum ke tuna ranar ɗaurin aurensa ya manta Talatar makon jiya. Amma in firgicin ya kai na ganin mutuwa ido da ido, hankali sai ya tsuke ya koma kamar hasken tocila cikin dare. Inda hasken ya sauka za ki gan shi tar, har zaren da ke jiki. Taku ɗaya gefe kuwa duhu ne.

Ke tocilarki a kan takalmi ta sauka, ƙila don kanki yana sunkuye. Fuskar ba gogewa ta yi daga baya ba, tun farko ba a rubuta ta da kyau ba. Lokaci kuma shi ne abu na farko da ke rikicewa, minti biyar ya zama kamar awa, dare ya haɗe da asuba. Shi ma yayanki tocilarsa wani wuri ta haska. Mai yiwuwa ne mutum uku suka shigo, ɗaya ne ya iso inda kike.

Maman Ikilima:
Anti, Allah Ya saka. Kaina kuwa a sunkuye yake, na rungume Ikilima a ƙirji, lokacin tana wata bakwai.

Kawu na Mafara:
Ɗiyata, Allah shi ba ku haƙuri. Ni dai abin da na sani, abin da ya girgiza mutum ba shi hita kai nai har kabari. Ga ni nan na kusa saba'in, abin da na ci jiya ban sani ba, amma ranar da anka kashe Murtala tana gabana kamar yanzu. Muna zamne gindin wata bedi bakin kasuwar Mafara, rediyon wani tela na bisa benci, cikin azumi, kowa baki ya bushe. Anka sa kiɗin soja. Wani tsoho ya aje carbi nai ya hwashe da kuka. Shekara hamsin ba kaɗan, ko ɗigo bai ɓace min ba.

Abu Hanifa Gummi:
Kawu, a gafarce ni, ba gyara nake wa babba ba. An kashe Janar Murtala ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, a lissafin Musulunci watan Safar ne, ba azumi. Wanda aka kashe cikin azumi Sardauna ne, 15 ga Janairu 1966.

Kawu na Mafara:
Kai yaro, an haihe ka lokacin?

Abu Hanifa Gummi:
Ko Babana bai yi aure ba Kawu. Kalanda ce ta faɗa, ba ni ba.

Kawu na Mafara:
To ni ƙishin nan ina jin shi ga maƙoshina har yau. Bari in bincika.

Anti Nas:
Kawu, Allah Ya ƙara girma, ka kawo mana misalin da ya fi duk wanda zan kawo. A 1966 kana ɗan shekara goma ko kusa, ƙila ma azuminka na farko-farko ke nan, aka ce an kashe Sardauna. Bayan shekara goma aka sake kashe wani shugaba, aka sake sa kiɗin soja a rediyo. Abu biyu masu ɗaci iri ɗaya, kai ya ɗinke su wuri guda.

Masana sun gwada wannan. A Janairun 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa, mutum bakwai suka mutu. Washegari wani malamin jami'a, Ulric Neisser, ya sa ɗalibai 106 suka rubuta inda suke da suka ji labarin, da wanda ya faɗa musu, da abin da suke yi. Ya adana takardun. Bayan kusan shekara uku aka nemo 44 daga cikinsu aka sake musu tambayoyin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su dace da rubutunsu na farko a komai ba. Abin mamakin shi ne sun ba da sabon labarin da cikakken yaƙini, kuma da aka nuna musu rubutun hannunsu, wasu sun yarda hannunsu ne amma suka tsaya a kan abin da suke tunawa yanzu. An maimaita irin gwajin bayan harin 11 ga Satumba 2001, aka ga abu mai kama da haka: bayanan suna zamewa kamar na kowace rana, yaƙinin ne ba ya raguwa.

Ni yadda nake kwatanta shi, tunani kamar ginin ƙasa ne. Duk shekara sai an yi masa yaɓe. Bayan shekara ashirin gidan yana nan inda yake, ɗakunan ba su canza ba, amma ƙasar da ke fuskar bangon ba ta ranar farko ba ce. Duk lokacin da muka ba da labari, muka ji na wani, muka yi mafarkinsa, yaɓe ne muke ƙarawa.

Malam Abu Zarrin:
Bismillah. Bayanin Anti ya tuna min da abin da malaman hadisi suka riga kowa ganewa. Ba su taɓa cewa tunda mutum mai gaskiya ne to duk abin da ya ruwaito daidai ne ba. Sharaɗi biyu suka raba: adalci daban, kiyayewa daban, wato abin da suke kira dabɗi. Za ka ga bawan Allah mai tsoron Allah, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, amma a ce haddarsa tana da rauni. Akwai ma waɗanda aka karɓi ruwayarsu ta farkon rayuwa aka ajiye ta ƙarshe, saboda abubuwa sun cakuɗe musu da tsufa ko bayan wata musiba, kamar wanda littattafansa suka ƙone. Ba wanda ya kira su maƙaryata. Don haka Maman Ikilima, ki faɗa wa yayanki kalmar da ya yi amfani da ita ta yi nauyi. Saɓanin ruwaya ne tsakaninku.

Sai kai Baban Walid. Tawakkali gaskiya ne, amma ba shi ne mantuwa ba. Annabi Yaƙub (AS) shekaru suka shuɗe yana tuna Yusuf har idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, 'ya'yansa suna ce masa ba za ka daina ambaton Yusuf ba sai ka halaka. Bai ce musu ya manta ba, cewa ya yi ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Kuma Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, ya zo ya musulunta, Manzon Allah (SAW) ya karɓi Musuluncinsa, amma ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. An yafe, amma ganin fuskar yana tayar da ciwon. Haka da Halatu 'yar'uwar Nana Khadija ta yi sallama, ya ji irin sallamar Khadija, nan take abin ya motsa masa, alhali ta daɗe da rasuwa. Wa ya fi shi tawakkali?

Baban Walid:
Allah gafarta Malam, na karɓi wannan. Amma ni abin da nake gudu shi ne a mayar da mutane marasa lafiya da ƙarfi da yaji. Jihar nan wa ye bai ga tashin hankali ba? Daga Shinkafi har Ɗansadau. In haka ne kowa sai a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.

Kawu na Mafara:
Baban Walid, nan kam ban bi ka ba. Ka ce kakanni ba su san shi ba? Sun san shi, suna ne ba su ba shi irin na asibiti ba. Muna yara akwai wani tsohon soja unguwarmu, cikin mazan jiya da sunka dawo yaƙin Bama. Lahiya lau yake noma nai, yana sallah cikin jam'i. Amma ranar Sallah da an harba bindigar toka sai ka gan shi ƙasa rub da ciki, yana jan jiki yana neman rami. Mu muna dariya, Allah shi yahe muna. Manya su ce iska ce ya kwaso daji. Bayan yaƙin basasa ma mun ga irinsu.

Anti Nas:
Kawu ya gama magana. Sunan ne sabo, wato PTSD, larurar firgicin da ke bin mutum bayan ya ga masifa. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da shi kundinsu a matsayin larura mai zaman kanta, bayan sun sha fama da sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Amma tun yaƙin duniya na farko ake ganinsa.

Baban Walid kuma yana da gaskiya a gefe guda, ba zan ƙi ba. Yawancin mutanen da suka ga masifa suna farfaɗowa da kansu cikin makonni, da taimakon dangi da addu'a da komawa sana'a. Ba kowa ke buƙatar likita ba. Kuma tilasta wa mutum ya zauna ya zayyane abin da ya gani alhali bai shirya ba, ba taimako ba ne. Wanda muke cewa a kawo shi ne wanda aka haura wata guda abin bai sake shi ba: mafarki iri ɗaya kullum, ko yana zaune abin ya dawo masa kamar yanzu ake yi, ba ya barci, ƙaramin motsi ya zabura, ya daina bin wata hanya ko shiga kasuwa, ko ya koma shan ƙwaya don ya samu ya runtsa.

Ɗan Kaura Mai Boxer:
Anti kamar da ni kike. Ni ɗan acaɓa ne, da mashin nake ci. Amma tun ranar da suka tare mu a hanyar Zurmi, in na ji mashina sun haura uku suna tafe tare cikin dare, cikina sai ya juya, gumi ya keto min. Na san 'yan ɗaurin aure ne ko 'yan kallon ƙwallo, kaina ya sani, jikina ne bai yarda ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Hajiya Maman Biyu:
Ni tambayata daban ce. In dai zafi ke sa a riƙe abu, me ya sa mu mata muke manta naƙuda? Haihuwa tara na yi. Duk ranar da nake kan gwiwa sai na rantse na gama, kafin a yi yaye na manta rantsuwar. Amma maganar da uwar mijina ta yaɓa min ranar sunan 'yata ta fari, shekara 26 ke nan, har launin zanen da ke jikinta ina gani.

Ummu Sudais:
Hajiya kin kashe ni da dariya. In maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Anti Nas:
Hajiya, naƙudar da ta ƙare da jariri a hannu da barka da kunun kanwa, ƙarshenta ne ke rina labarin. Je ki tambayi wadda ta sha wuya ɗan bai zo da rai ba, ko aka wulaƙanta ta a ɗakin haihuwa, ki ji ko ta manta. Ita kuma maganar surukarki kin yi mata tilawa ta fi sau dubu, ko Fatiha iyakarta ke nan.

Barista na Sabon Gari:
Ina bin muhawarar tun safe, bari in shigo ta ƙofar aikina, don wannan magana tana cin rai.

Abu na farko, mai ɗaukar bayani in bai san abin da Anti ta faɗa ba, zai zalunci wanda aka zalunta. Na taɓa raka wata baiwar Allah ba da bayani a wani ofis. Ranar farko ta ce su biyar ne, bayan mako biyu ta ce bakwai, sai jami'in ya ture takarda ya ce ta je ta shirya ƙaryarta ta dawo. Matar da aka kashe mijinta a gabanta.

Abu na biyu ya fi ba ni tsoro. Wata masaniya a Amurka, Elizabeth Loftus, ta nuna tun 1974 cewa yadda aka yi tambaya yana canza abin da shaida zai tuna. An nuna wa mutane hoton bidiyo na haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin da kalma mai nauyi, kamar a ce da suka yi kaca-kaca, wasu da kalma mai sauƙi. Masu kalma mai nauyi suka faɗi gudu mafi yawa, bayan mako guda kuma da yawansu suka ce sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a hoton. Ita da abokan aikinta kuma sun nuna cewa in akwai makami a hannun mutum, idon shaida kan makamin yake tafiya, fuskar ta kuɓuce. Har a kan sojojin Amurka an gwada, wajen horon da ake tsare su ana musu tambayoyi da matsi kamar an kama su a yaƙi. Washegari da yawa sun kasa nuna wanda ya tsaya gabansu yana tuhumarsu fiye da rabin awa, wasu ma suka nuna wani daban suna da tabbaci.

Yanzu ku kawo wannan kasuwanninmu. Mutum ya fito daga daji, bayan wata shida ya hangi wani a kasuwar dabbobi, ya ce wallahi shi ne. Kafin a ce me, jama'a sun taru. Mun san yadda irin wannan ke ƙarewa, kuma mun san ramuwar da ke biyo baya a kan ƙauyen da bai ji ba bai gani ba.

Ɗan Zurmi:
Barista dakata. Wato so kake ka ce mu da aka kama ba mu san waɗanda suka kama mu ba? Kwana 41 na yi a hannunsu. Na san wanda ke kawo mana ruwa, na san mai dukan, na san wanda ke riƙe waya in za a kira gida maganar kuɗin fansa, har gibin bakinsa. Ko cikin mutum dubu na gan shi zan fitar da shi. Irin maganganun nan ne ke sa a kama mutum yau gobe ka gan shi yana yawo. Ku kuna ofis kuna karanta binciken Turawa, mu muka kwana a ɗaure.

Barista na Sabon Gari:
Allah Ya ba ka haƙuri ɗan'uwa, ban raina abin da ka gani ba, ban kuma isa ba.

Anti Nas:
Ɗan Zurmi, naka daban ne da na Maman Ikilima, kuma Barista bai ce ba ka sani ba. Kai ka yi kwana 41 kana ganinsu da rana tsaka, kana jin muryarsu, wani lokaci hankalinka ya ɗan kwanta ka ƙare musu kallo. Wannan sani ne mai ƙarfi. Haka wanda ya gane maharin don dama ya san shi, ɗan garinsu ne ko sun yi kiwo tare. Ita kuwa minti kaɗan ne, cikin dare, da jaririya a ƙirji. Inda ake jin tsoro shi ne baƙuwar fuska da aka gani cikin ƙiftawar ido. Kuma ko naka, a kai shi gaban hukuma a haɗa da wasu hujjoji ya fi a yanke hukunci a bakin kasuwa.

Ɗan Zurmi:
Hukumar da

Mai Kula da Zaure:
Ɗan Zurmi, na goge ragowar, da na mutum biyu da suka biyo ka. Mai tambaya ta roƙa tun farko kada a shiga siyasa. Mun san zafin da kake ji. A ci gaba.

Malama daga Yawuri:
Ni ta gefen yara zan yi magana. Bayan sace 'yan makaranta da aka yi a Jangebe a Fabrairun 2021, sai namu na Birnin Yawuri a watan Yuni na shekarar. Ba a makarantar nake koyarwa ba, kuma yaran ajina ba wanda aka taɓa. Amma da aka dawo karatu na ga abin da ban taɓa gani ba. Yarinyar da ke haddace shafi guda a zama ɗaya ta koma aya uku tana gagararta. Idonta yana kan allo, kunnenta yana waje. Da an buga ƙofa da ƙarfi rabin aji sun miƙe. Iyaye suna cewa yara sun lalace da wasa, wasu malamai suna ƙara bulala. Ni dai na ajiye tawa.

Anti Nas:
Kin kyauta Malama. Kan da ke gadi ba ya karatu. Ga kuma rashin barci, alhali cikin barci ne abin da aka koya da rana ke zama. Sai dai in ƙara wani abu don mutanen Anka da Bukkuyum: ba kowace mantuwar yaro ce ta firgici ba. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a garuruwan haƙar zinariya irin su Bagega da Dareta ta kashe yara sama da 400, waɗanda suka rayu kuma wasu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Yaron da ya taso a irin wuraren nan yana fama da riƙe karatu, a gwada jininsa.

Baban Walid:
To Anti, ita Innarsu fa da kwana uku suka ɓace mata? A tuna mata ko a ƙyale ta?

Anti Nas:
A ƙyale ta. Kada a zaunar da ita ana cewa ba ki tuna kaza ba, ba ki tuna kaza ba. In aka matsa, kai yana iya cike gurbin da labarin da aka ba shi, ta zo tana ganin abin da ba ta gani ba, a ƙara mata kaya. Kuma kwana ukun nan ƙila ba ta ci ba, ba ta yi barci ba, ƙila ma ta bugu a kai wajen gudu, duk suna hana abu zama. Ko su masana sun daɗe suna jayayya a kan ko mutum na iya binne babban abu gaba ɗaya ya tono shi daidai bayan shekaru. Abin da na fi gani da idona shi ne akasin haka, mutane suna so su manta abin ya ƙi tafiya. In tana cin abinci, tana barci, tana hira da jikoki, a bar ta. In ba haka ba, ku fara da babban asibiti nan Gusau ku nemi ɓangaren masu lura da lafiyar ƙwaƙwalwa, in ta kama su tura ku asibitin Kware a Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma ba ya hana a yi mata addu'a da tofi.

Maman Ikilima:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah Ya bar zumunci. Bayan la'asar na karanta wa Yaya abin da Malam da Anti suka rubuta. Ya yi shiru, can ya ce shi ma akwai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Wai duk daren shi bai ji ƙarar bindiga ko ɗaya ba. Yana ganin wuta tana fita daga bakinta, yana ganin mutane suna buɗe baki, amma shiru kamar an toshe masa kunne. Ya ɗauka in ya faɗa za a ce ya taɓu. A kan lokaci dai har yanzu yana kan isha'insa, ni ina kan asubata.

Inna tana gefe tana tsince shinkafa, mun ɗauka ba ta ji. Sai ta ce ita abu ɗaya ke damunta, ta shanya kuka a kan rufin ɗaki ranar, ba ta san ko wani ya sauke ba.

Ummu Sudais:
Allah sarki Inna.

Kawu na Mafara:
Yaron Gummi, kana nan? Na tambayi Hajiya. Ta ce ba azumi ba ne, wannan na ba ka. Amma ta ƙara da wata wadda ban yarda ba, wai shekarar ma ba ni Mafara, ina Funtuwa wurin awon auduga, sai da anka yi kwana biyu na dawo. To telan da rediyo nai hwa? Gobe in Allah ya kai mu zan tahi wurin ƙanen telan, yana nan da rai.